An ba makarantarmu tallafi don ɗalibai masu buƙata ta musamman: kwamfuta za mu saya ko me?

Tambaya: Ni shugabar makaranta ce, kuma ɗalibanmu masu buƙata ta musamman a aji ɗaya suke karatu da sauran yara. Muna da makafi biyu, da wasu da ba sa gani sosai, da kurame, da yaro ɗaya da ba ya iya riƙe biro kuma ba ya magana. Mun samu tallafin kuɗi na sau ɗaya, kwamitin makaranta yana so a saya wa kowannensu kwamfutar hannu, irin ta taɓa allo da ake kira tablet. Wannan ne daidai? Kuma idan kuɗin ya ƙare, ta ina za mu ci gaba?

Amsa:

Malama, sannu da ƙoƙari. Na ji daɗi da kika yi wannan tambaya tun kuɗin yana hannunku, domin yawancin masu kawo mini irin wannan magana sai an kashe kuɗin suke zuwa, an sayo kaya an jibge, ana neman yadda za a yi da su. Shawarata a taƙaice ita ce kada ku saya wa yaran nan kwamfutar hannu iri ɗaya gaba ɗayansu. Biyu ko uku daga cikinsu za ta yi musu amfani ƙwarai, sauran kuwa buƙatarsu daban ce, ta wani ma ba ta kai kuɗin kwamfutar ba. Kuma duk abin da kuka yanke za ku saya, kada ya cinye tallafin duka, saboda ranar da na'ura ta shigo makaranta, ranar take fara cin kuɗi.

Na daɗe ina aikin zaɓa wa ɗalibai kayan tallafi da koya wa malamai amfani da su, kuma kusan duk makarantar da na shiga akwai wani kabad da nake roƙo a buɗe mini. A wata makaranta na tarar da injin buga rubutun makafi ko ledarsa ba a gama cirewa ba, shekara biyu da kawo shi, don ba a haɗo da takardar da yake ci ba, malamin da aka nuna wa yadda ake sarrafa shi kuma an yi masa canjin wurin aiki. A wata kuma na'urorin ƙara ji ne cike da aljihun tebur, lafiyarsu ƙalau, batir kawai suka rasa. Babu wanda ya ci amana a wuraren nan. Mutanen kirki ne suka nemo kuɗi da kyakkyawar niyya, sai dai lissafinsu ya tsaya a ranar miƙa kaya. Yaran da aka sayo kayan dominsu kuwa suna zaune a aji yadda suke tun farko, wasu har sun gama sun tafi. Abin yana ci mini rai duk lokacin da na gani.

An daɗe da sanin wannan matsala. A 1993 wasu masu bincike biyu a Amurka, Phillips da Zhao, sun tambayi manya 227 masu amfani da kayan tallafi, suka tarar kusan kashi 29 cikin 100 na kayan an yi watsi da su gaba ɗaya. Dalilan su ne abin dubawa. Akwai rashin jin ra'ayin mai amfani da kayan lokacin zaɓa masa, akwai rashin ingancin kayan, akwai canjin buƙatar mutum da tafiyar lokaci. Sai wani dalili da ya shafe ku kai tsaye: kayan da aka samu cikin sauƙi sun fi saurin komawa lungu. Abin da ya zo ba tare da an auna ba, an gwada, an tambayi mai shi, da wuya ya zauna a hannu. Ko ga yaran da ba su da wata lalura haka abin yake. Ƙasar Peru ta raba wa 'yan firamare kwamfutoci masu ɗimbin yawa, amma binciken da aka fitar a 2012 kan makarantu 319 bai ga ƙarin komai a sakamakonsu na lissafi da harshe ba bayan wata 15, domin yadda ake koyarwa bai canja ba.

Hanyar da nake bi ita ce wadda wata ƙwararriyar malama a Amurka, Joy Zabala, ta tsara a shekarun 1990, ana kiranta SETT. Tambayoyi huɗu ne a jere, kuma jerin shi ne sirrin. Wane ne yaron, me yake iyawa, me ke ba shi wuya? A wane irin wuri yake karatu, akwai wuta, akwai hayaniya, yara nawa ne a ajin, wa ke taimaka masa a gida? Wane aiki ake so ya yi wanda yanzu ya gagare shi? Sai a ƙarshe a ce, to wane kayan aiki ne zai cike wannan giɓi? Kwamitinku daga ta huɗu ya fara. Ku koma ta farko, kuma ku zaunar da yaron da iyayensa a wurin, don mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo.

Mu ɗauki makafin nan biyu. Sun iya Braille, wato rubutun makafi na ɗigo-ɗigo da ake shafawa da yatsa? Mutane da yawa suna ganin tunda yanzu waya tana karanta wa mutum rubutu da murya, zamanin rubutun makafi ya wuce. Ban yarda da wannan ba ko kaɗan. Sauraro daban, karatu daban. Yaron da ya dogara da kunne kaɗai bai san yadda ake harhaɗa baƙaƙen kalma ba, bai san inda aya take sauka ba, bai san yadda ake jera lissafi ba, kuma ranar da aka ce ya rubuta da kansa za a ga giɓin. Louis Braille yana ɗan shekara 15 ya tsara ɗigo shidan nan a 1824, shekara ɗari biyu ke nan ba a samu abin da ya maye gurbinsu wajen koya wa makaho karatu da rubutu ba. Saboda haka kuɗin farko na allon huda ne da tsinkensa da takarda mai kauri, sai injin rubuta Braille na Perkins idan hali ya yi. Tun 1951 ake ƙera wannan inji, ba ya buƙatar wuta, idan ana yi masa sabis ɗalibi ne zai gama ya bar wa na bayansa. Akwai kuma na'urar da ke tayar da ɗigon Braille layi-layi daga kwamfuta. Abu ne mai kyau ƙwarai ga ɗan sakandaren da ya riga ya ƙware, amma tana da tsada, ƙura da danshi suna ɓata tsinkayenta, gyaranta kuma sau da yawa sai an aika ta nesa. Kada ku fara da ita.

Bayan Braille sai kwamfuta mai kibod, wadda ta fi kwamfutar hannu dacewa da makahon da zai riƙa rubuta aiki mai tsawo. Manhajar da ke karanta abin da ke kan allo ba lallai ku saye ta ba. NVDA kyauta ce, wasu makafi biyu 'yan Ostireliya, Michael Curran da James Teh, su suka gina ta tun daga 2006, kuma tana yin kusan duk abin da ɗalibi yake buƙata. Takwararta JAWS ta kuɗi ce. Wayoyi ma da tasu suke zuwa, VoiceOver a iPhone tun 2009, TalkBack a Android. Kuɗin da kuka huta da shi a nan ku zuba shi a kan mutumin da zai zauna da yaran ya koya musu buga kibod da yatsu goma, tun daga ɗan tudun da ke kan F da J, da yadda ake zagaya kwamfuta ba tare da linzami ba. Wannan aikin watanni ne, kullum kaɗan-kaɗan. Kafin ku dogara da muryar kuma, ku gwada ta da harshen da ake koyarwa da shi. Harsuna da yawa ba su da murya mai daɗin ji, wani lokaci ma tana tsallake haruffa masu lanƙwasa ta ɓata kalmar.

Ga kuma inda aka fi yin tuntuɓe, wato abin da za a karanta. Idan malami ya ɗauki hoton shafin littafi ya tura wa ɗalibai, a wurin manhajar karanta allo farar takarda ce ya tura. Dole rubutun ya zama wanda aka buga a kwamfuta, da kanun babi a tsare, da ɗan bayani a ƙarƙashin kowane hoto. Wani ne zai yi wannan aiki, kuma ya yi shi da wuri, don littafin makaho ya iso ranar da na sauran yara ya iso. Idan ya zo bayan wata biyu, an riga an wuce shi. Ku duba ko ƙasarku ta shiga Yarjejeniyar Marrakesh ta 2013, wadda ta fara aiki a 2016. Ita ce ta buɗe hanyar mayar da littattafai zuwa Braille ko murya ko manyan baƙaƙe don makafi ba tare da jiran izinin mai haƙƙin mallaka ba, har da musayarsu tsakanin ƙasashe ta hannun cibiyoyin da aka amince da su. Lissafi da kimiyya kuma suna da nasu kayan: abakus na makafi, da zane mai tudu da ake shafawa, da ƙa'idojin rubuta lissafi a Braille irin ta Nemeth. Babu kwamfutar hannun da za ta nuna wa yatsa siffar alwatika.

Masu raunin gani, su likitan ido za ku fara kai wa kafin komai. Sau da yawa gilashi ne kawai, da canjin wurin zama, da alli mai kauri, da takarda mai baƙin layi. Zabiya misali hasken taga ne ke damunta fiye da ƙanƙantar rubutu. Bayan an yi wannan, a nan ne kwamfutar hannun kwamitinku take da gurbi na gaske, domin yaro zai ɗauki hoton allo daga inda yake zaune ya faɗaɗa shi, ya juya launi ya zama fari a kan baƙi, ya ƙara girman baƙaƙe yadda idonsa ke so. Waɗannan yara ku saya musu, da marfi mai ƙarfi da abin jinginawa.

Kurame kuma ba ɗaya suke ba. Akwai mai ragowar ji wanda na'ura za ta taimaka masa, akwai wanda maganar hannu ce harshensa. Ga na farko, sai an auna kunnensa an saita na'urar daidai da irin raunin jinsa, wadda aka saya a raba kamar tabarau tana iya cutarwa. Daga nan hidima ta fara. Batirin da ake canjawa kwanaki yake yi zuwa mako biyu. Robar da ke shiga kunne sai an riƙa sake ta, don kunnen yaro girma yake yi, idan ta yi sako-sako na'urar ta dinga fito ke nan har yaro ya cire ta ya sa a aljihu. Kowace safiya kuma wani ya duba ko tana aiki. Akwai gwajin minti ɗaya da wani masanin koyar da kurame, Daniel Ling, ya tsara: malami ya rufe bakinsa da takarda ya furta a, u, i, sh, s, m, yaro ya maimaita ko ya ɗaga hannu. Idan yau bai ji s ba alhali jiya ya ji, akwai matsala. Sannan na'urar ƙara ji ba ta bambanta muryar malami da surutun aji, duka take ƙarawa, kuma murya raguwa take yi da nisa. Shi ya sa ɗan makirufo da malami zai maƙala a wuya, mai aika murya kai tsaye zuwa kunnen yaro, yakan fi duk wata kwamfuta amfani a wurinsa.

Ga wanda maganar hannu ce harshensa kuwa, zan faɗa miki ba ɓoye-ɓoye: babu na'urar da za ta maye gurbin mutumin da ya iya ta. Manhajojin da ke juya magana zuwa rubutu nan take, irin Live Transcribe ta Google, suna taimaka wa babban ɗalibin da ya riga ya iya karatu, a ɗaki marar hayaniya, a harshen da manhajar ta sani. Ɗan aji biyu da bai mallaki harshe ko ɗaya sosai ba, me zai yi da rubutun da ke gudu a allo? Kuɗin wannan yaro na malamin maganar hannu ne, zai fi kyau ma a samu kurma babba da yaran za su gani su yi koyi da shi, da darasi ga sauran 'yan ajin da iyaye. Bidiyon darasi mai tafinta a gefe da rubutu a ƙasa ƙari ne mai kyau bayan an samu wannan.

Sai yaron da ba ya riƙe biro kuma ba ya magana. Shi na fi so ki ba lokaci, domin irinsa ne aka fi yi wa kuskuren ɗauka cewa ba ya fahimta, alhali hanyar fitar da abin da ke ransa ce kawai ta toshe. A fara da zamansa. Idan kujera ba ta riƙe ƙugunsa da bayansa ba, duk ƙarfinsa a kan kada ya faɗi zai ƙare, hannu ba zai yi abin kirki ba. Sannan a nemo wane motsi ne yake iya yi da gangan kuma ya maimaita: yatsa, ko tafin hannu, ko gwiwa, ko kai, ko kallon ido. A kan wannan motsi ake gina komai. Allon hotuna na kwali ya isa a fara, yana nuna abin da yake so ya ce. Idan ya nuna yana tafiya da shi, sai a matsa zuwa manhajar da ke furta kalma idan an taɓa hoto, ko babban maɓalli guda da zai riƙa dannawa yana zaɓa. Iyaye kan ji tsoro cewa idan aka ba yaro wannan, ba zai ƙara ƙoƙarin magana ba. Wani nazari da Millar da Light da Schlosser suka wallafa a 2006 ya bi diddigin binciken da aka yi a kan haka, bai samu ko mutum ɗaya da maganarsa ta ragu ba, yawancinsu ma ta ɗan ƙaru. Gargaɗi ɗaya: idan wani ya zo da hanyar da babba ke riƙe hannun yaro yana kai shi kan haruffa, ku guje ta. An gwada ta sau da yawa an tarar mai riƙon ne ke rubutun ba da saninsa ba.

Yanzu maganar kuɗi. Ni a nawa ƙiyasin, kada sayen na'urori ya wuce rabin tallafin. Wannan ra'ayina ne daga abin da na gani, ba doka ba ce. Sauran rabin na gwajin ido da kunne ne, da horar da malamai, da shirya littattafai, da batir da takarda da caja da gyara na aƙalla shekara uku. Ki rubuta wa masu tallafin tun yanzu ki nemi izinin kashe kuɗin a hankali cikin shekaru, don da yawa suna yarda idan an yi musu bayani, kawai ba a tambaya ne. Kowane abu da za a saya kuma a ba shi takarda guda da ke amsa waɗannan: wa zai gyara shi kuma a ina, garantinsa shekara nawa, lasisin manhajarsa na sau ɗaya ne ko na kowace shekara, yana aiki babu intanet, kuma ina bayanan yaron suke tafiya, don bayanin lalurar yaro sirri ne. Abin da aka kasa cike masa wannan takarda, a bar shi a shago. Horo kuwa kada ya tsaya a kan mutum ɗaya, kada kuma ya zama na yini ɗaya. Malamai biyu aƙalla, da wani daga gidan yaron, kuma mai horarwa ya dawo bayan wasu makonni, lokacin da tambayoyin gaske suka taso.

Sai tambayarki ta biyu, wato ta ina za ku ci gaba idan tallafin ya ƙare. Na farko, kuɗin da ya fi sauƙin samu shi ne wanda kuke kashewa dama. Duk makaranta tana sayen kwamfuta ko manhajar darasi ko ta jarrabawa don kowa da kowa. Idan kuka sa sharaɗi cewa ba za ku sayi abin da makaho ko kurma ba zai iya amfani da shi ba, kun rage wa asusun masu buƙata ta musamman nauyi ba tare da ƙarin ko kwabo ba. Akwai ƙa'idar duniya ta wannan, ana kiranta WCAG, kuma kowane ɗan kasuwa zai ce miki kayansa sun cika ta. Gani ya kori ji. Ki ce ya kunna NVDA, ya kashe allon, ya ajiye linzami, ya shiga darasi ɗaya ya amsa tambaya ɗaya a gabanki. Cikin minti biyar za ki san gaskiya.

Na biyu, hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Injin buga Braille guda ya ishi makarantu da yawa, haka mai gyara guda, haka ƙwararre guda mai zagayawa. Ƙasar Norway tana da cibiyoyin gwamnati da ke ba da aron kayan tallafi, idan mutum ya gama da abu a karɓa a gyara a ba wani. A Amurka ma kowace jiha tana da shirin da ake aron na'ura na ɗan lokaci a gwada kafin a saya. Ba sai kuna da arzikinsu za ku kwaikwayi dabarar ba. Makarantu biyar su haɗa ɗan rumbu, da rajistar abin da ya fita da abin da ya dawo. Amfaninsa biyu ne: ana gwadawa kafin a kashe kuɗi, kuma ranar da na'urar yaro ta lalace akwai wadda zai riƙe kafin a gyara tasa.

Na uku ita ce hukuma, kuma idan kin je kada ki je kamar mai bara. Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan haƙƙin masu naƙasa, wadda aka amince da ita a 2006 kuma yawancin ƙasashen duniya suka rattaba hannu, sashenta na 24 ya ambaci Braille da maganar hannu da sauran hanyoyin sadarwa da sunansu, ya kuma ɗora wa gwamnati nauyin tanadar wa kowane ɗalibi abin da ya dace da shi. Sai dai doka kaɗai ba ta kawo kuɗi. Amurka ta yi dokar ilimin yara masu naƙasa tun 1975, a 1997 ta wajabta a duba buƙatar kayan tallafi ga kowane yaro da ke cikin shirin, amma kashi 40 cikin 100 na kuɗin da aka sa ran gwamnatin tarayya za ta riƙa bayarwa ba ta taɓa cika shi ba, a shekarun nan ko rabinsa ba ta kai. Rahoton da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNICEF suka fitar a 2022 ya ce mutum biliyan 2.5 ne ke buƙatar kayan tallafi, kusan biliyan ɗaya ba su samu ba. Ke nan layin dogo ne, kuma wanda ya zo da takarda a hannu ake fara saurara. Ki riƙe sunan kowane yaro da abin da ke ba shi wuya, da abin da aka ba shi, da canjin da aka gani. Akwai jerin tambayoyi da UNICEF da wata ƙungiyar masana ƙididdigar naƙasa mai suna Washington Group suka fitar a 2016 don gane irin wahalar da yaro ke fuskanta wajen gani da ji da tafiya da koyo, za su taimaka miki, har ma ki gano wasu yaran da ba ki lissafa ba. Abin da za ki nema shi ne layi na dindindin a kasafin kowace shekara, ko da ƙarami ne. Tsarin Ingila abin koyi ne ta wannan fuska: makaranta ce ke ɗaukar ƙarin hidimar ɗalibi har zuwa fam 6,000 a shekara daga nata kasafin, abin da ya haura haka ƙaramar hukuma ta cika. Adadin nasu ne, amma dabarar ta kowa ce, wato ƙananan buƙatu a hannun makaranta don kada a jira, manya kuma a asusun haɗin gwiwa don kada yaro ɗaya ya cinye kasafin makaranta har a fara gudun karɓar irinsa.

Masu ba da gudummawa kuwa sun fi son abin da za a ɗauka a hoto, kuma ban ga laifinsu ba, su ma suna da waɗanda za su yi wa bayani. Aikinki ne ki haɗa musu na'ura da hidimarta a ƙunshi ɗaya, ki ce ga kuɗin sa yaro ɗaya ya yi karatu da wannan abu shekara uku. Ki kuma iya cewa a'a cikin ladabi idan aka kawo tsofaffin kayan da ba a ƙara yi musu kayan gyara. Idan daga waje za a shigo da wani abu, a bincika batun kwastam tun kafin ya taso, domin ƙasashe da dama suna yafe haraji a kan kayan masu naƙasa, wasu a ƙarƙashin Yarjejeniyar Nairobi ta 1976, amma sai an nemi takardar yafewar da wuri.

Abu biyu da ake yawan mantawa. Na'urar da ake kullewa a ofis bayan an tashi rabin aikinta take yi, don yaro yana da aikin gida, kuma wanda da ita yake magana bai daina buƙatar magana ba don an kaɗa ƙararrawa. Ku rubuta yarjejeniya mai sauƙi da iyaye ku bar ta ta je gida. Wata za ta fashe, ku sa wannan a lissafi tun farko. Sannan ku tuntuɓi hukumar jarrabawa da wuri. Na taɓa ganin yarinyar da ta yi shekaru tana rubutu da kwamfuta, ranar jarrabawar ƙarshe aka hana ta shiga da ita don ba a nemi izini ba, ta koma tana faɗa wa wani yana rubuta mata, abin da ba ta taɓa sabawa da shi ba.

Abin da za ki kai wa kwamiti shi ne su ba ki zangon karatu ɗaya kafin babban saye. A makonnin farko a yi gwajin ido da kunne, a zauna da kowane yaro da iyayensa. A sayi kwamfutar hannu biyu da mai kibod ɗaya kawai, a ari abin da za a iya arowa, a gwada su a cikin aji na gaske. A rubuta inda kowane yaro yake a yau da ma'auni mai sauƙi, kamar kalma nawa yake karantawa a minti ɗaya, aiki nawa yake miƙawa a mako, sau nawa yake fara magana da kansa, sannan a sake aunawa a ƙarshen zango. Allon hotunan yaron nan kuwa ba ya jiran zaman kwamiti. Kwali ne da hotuna kamar takwas, a sa masa "eh" da "a'a" da "ƙara" da "ya isa" da "ciwo" da "ban gane ba", kuma malaminsa ya riƙa nuna hotunan shi ma yayin da yake masa magana, don yaron ya ga yadda ake yi. Ku fara ranar Litinin.